Na Kai Sahabi Gida, Na Dawo da Shi

Tun da na dawo daga arewa ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin masallaci sai wani ya matso kusa: "Baba Ilu, wai me ya faru ne? An ce ka kai mara lafiya garinsu, ka dawo mana da shi kamar kayan da aka ƙi saye?" In na fara bayani, kafin in kai Bohikon an kira salla, ko wani ya katse ni da nasa labarin. Na gaji da farawa ba ƙarewa. Malamar da ke koya mana karatu a ajin manya ta ce in rubuta, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba. To ga shi. Hannuna ba shi da sauri, raina kuma a ɓace yake, sai ku yi haƙuri da su biyun.

Ga wanda bai san ni ba, a nan Zongon Kwatano aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Alada ba. Shekara ashirin da ɗaya makullin magazen maigidana Alhaji yana aljihuna, wato siton da yake tara wake da masara. In ƙwari suka fara cin wake, muna cusa ƙwayoyin magani tsakanin buhuna, waɗanda muke kira bom, mu ja ƙofa. Warinsu kamar tafarnuwa ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi. A wurinmu ba a ƙirga kwana. In mai saye ya iso da kamiyo, wato babbar motar kaya, washegari, Alhaji ya bugo waya ya ce, "Ilu, buɗe," ni kuma in buɗe, 'yan dako su shiga cikin warin nan su fito da kaya. Ɗakin da suke kwana yana manne da magazen, katangar da ta raba su ba ta kai rufi ba. Abin da Alhaji ya tanadar mana don lafiyarmu shi ne madara. Kowace Juma'a bayan an sauko, kowa gwangwani ɗaya, wai tana wanke ƙirji. Haka maƙwabtanmu ma suke yi, har mukan yi alfahari tamu ta fi tasu kauri. Ni da hannuna nake rabawa.

Sahabi ɗan ƙasar Kabi ne, shekararsa tara tare da mu. Shi ke fara shiga in an buɗe ƙofa, don ya fi kowa ƙarfi, kuma ba ya son a ce wani ya riga shi. Da farkon damina ya fara tari. Daga baya ya zama in ya ɗauki buhu daga ƙofa zuwa kamiyo sai ya sauke a tsakiya ya dafa gwiwa. Alhaji ya ce a riƙa ba shi gwangwani biyu. Da biyun ba su yi ba, ya tara mu ya ce, "Yaron nan iskar teku ce ba ta karɓe shi ba. Ya je gida ya sha iskar garinsu, a yi masa na gargajiya, in ya warware ya dawo." Sahabi yana da 'ya'ya uku a ƙauye, amma yaro ne a bakin Alhaji. Aka kawo buhun shinkafa da turmin atamfa da kuɗin mota, sallamar da aka saba. Duk muka ce Allah ya saka da alheri, har da ni. Ba wanda ya tambaya yaya aka yi iskar teku ta jira shekara tara. Kowa a Zongo ya san wanda aka yi wa irin wannan sallama ba ya dawowa, amma ba a faɗa. Ni aka ce in raka shi. Na bar makullin a hannun Audu mai awo.

Mun tashi ranar Litinin da sassafe. Tun a tasha buhun shinkafar ya fara ba mu wahala, kwandasta ya ce sai dai a kama masa kujera kamar mutum. Muka yi ta ja da shi har ya haƙura ya tura shi ƙasan mota. A Kalabi muka faɗa cunkoso, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, sun cika hanya kamar ƙudan zuma, hayaƙinsu yana shigowa ta taga. Sahabi ya fara tarin nan nasa mai ƙara kamar ana jan benci a kan siminti. Wata mata 'yar ƙabilar Fon da ke gefenmu ta ja zani ta rufe hanci, ta ce wa maƙwabciyarta da yarensu, "Mutanen nan sai su ɗauko gawa su sa ta a motar masu rai." Ba ta san a cikinsu na tashi ba. Na amsa mata da yarenta, na ce, "Mama, bai mutu ba tukuna." Muka isa Alada. Can ta sayi abarba ta fere, ta miƙa wa Sahabi ba ta dube ni ba, sannan ta tashi ta bar masa gefen taga. Da za ta sauka a Bohikon ta tsaya a kaina ta ce, "Asibiti yana bayanku, kuna yin gaba. Ku kuka sani."

Daga Bohikon wani mai tallar magani ya hau, da kwat da jaka. Garin maganinsa iri ɗaya ne, amma yana maganin basur da ciwon baya da tari da mugun mafarki. Abin kunya ne, amma na saya. Sahabi ya lasa ya ce, "Baba Ilu, wanga ai kanwa ce da toka." Muka yi dariya, dariyar ta koma masa tari har direba ya waiwayo. A Dasa mata suna ta turo ledojin garin rogo ta taga, kowa na saye kamar za a daina yi. Akwai wasu manyan duwatsu a wurin da ban taɓa ganin irinsu ba, amma ban kalle su sosai ba, idona yana kan ƙirjin Sahabi.

Mun isa Faraku da la'asar sakaliya. Sahabi ya sauko daga mota, ya yi taku biyu, ya zube. Mutane suka taru, wannan na yayyafa ruwa, wannan na fifita da kwali. Wani dattijo ɗan tasha ya ce, "Ku kai shi gidan Iya Bake, ita ke saukar da 'yan hatsi." Aka ɗora shi a kan amalanke, shi da buhun shinkafarsa gefe da gefe.

Iya Bake tsohuwa ce mutuniyar Bargu, gajera, mai murya kamar ta namiji, tana jin Hausa da irin lafazinsu. Ta ba mu ɗaki, ta aiko da sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulanin can da ake soyawa. Ana sayar da shi a Kwatano, amma namu kafin ya iso ya zama kamar tafin takalmi. Na can kuwa narkewa yake a baki. Sahabi ya yi loma uku ya kwanta.

Da safe na fito tsakar gida na ga ƙofar wani sito an liƙe duk bakinta da takarda. A jikinta an yi zane bakwai da alli, an soke biyar. Na tambayi wani ma'aikacinta. Ya ce an sa bom ne, kullum da safe Iya ke soke zane ɗaya, sai sun ƙare za a buɗe. In an buɗe ma sai an bar ƙofa da taga a wangale yini guda kafin mutum ya taka ciki. Makullin yana ɗaure a bakin zaninta. A ƙofar gida kuwa ga kamiyo a tsaye, direban yana ta masifa, wai kwanansa biyu yana jira. Iya Bake tana zaune tana tsintar wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "In kana sauri ga kasuwa can. Ƙofar nan sai jibi, kaya sai gata."

Na ce, "Iya, ba kya tsoron ya tafi wurin wani?"

Ta ce, "Ya tafi mana. Mai saye in ya tafi wani zai zo. Ƙanena ya shiga irin ɗakin nan da ƙafarsa, ɗauko shi aka yi. Wa ya zo a madadinsa? Ku yaya kuke yi a bakin teku?"

Na faɗa mata, har da madarar, da ɗan alfaharina. Ta ajiye faifai ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, madara ciki take zuwa, iska huhu take zuwa. Kai da furfura a gemu ba ka san hanya biyu ba ce?"

Ma'aikatanta suka kwashe da dariya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na yini ina kallon yadda gidan yake tafiya. Mutanenta ba sa kwana kusa da hatsi, ta kama musu ɗaki a bayan layi. Kowa da abin rufe hancinsa rataye a ƙusa, wanda ya manta nasa ta kore shi ya je ya ɗauko. In rana ta take ana ajiye aiki ko wa ke jira, ga randa cike da ruwa a inuwa. Kuma ta ɗaure magana da wani malamin asibiti, da suke kira manjo, yana zuwa farkon kowane wata ya saurari ƙirjin kowa. Matar nan ba mai arziki ba ce. Duk sitonta bai kai rabin magazenmu ba. Nan zuciyata ta fara tafasa.

Ta aika aka kira manjon. Ya ɗora abin sauraro a bayan Sahabi, ya daɗe, ya tambayi aikinsa da inda yake kwana. Ya yi masa allura ya rubuta takarda, ya ce, "Wannan sai an ɗauki hoton ƙirjinsa, a kwantar da shi a babban asibiti. Huhunsa ya ji jiki, amma in an kama yanzu zai tashi. Ina za ku?" Na ce ƙauye. Ya ce, "Akwai asibiti?" Sahabi ya ce akwai mai kemis a garin da suke cin kasuwa. Manjo ya tattara kayansa ya fita.

Abin da ke aljihuna na mota ne kawai. Na fita waje na kira Alhaji, na faɗa masa duka, a hankali, yadda na saba. Ya ce, "Ilu, asibiti na aike ka ko gida? Likitocin kan hanya ai abinci suke nema. Ka sauke amanarka ka dawo, akwai kamiyo biyu ranar Asabar." Na ce to. Wannan "to" ita ce abin da ya fi ci mini rai a duk tafiyar. Shekara ashirin da ɗaya ina faɗinta, ana cewa Baba Ilu mai haƙuri ne, ni kuma ina jin daɗi.

Laraba muka kama hanya, ta Kandi zuwa Malanbil. Yadda muke yin arewa haka ranar take ƙara kaifi, ba irin tamu mai danshi ba. Malanbil gari ne na albasa, ko ruwa ka sha sai ka ji ta. Mun sauka a rumfar wani ɗan garinsu Sahabi, ya ba mu shinkafa da kifin kogi, sauro kuma ya ci mu. Mutumin ya dubi Sahabi ya dubi buhun, ya ce, "An sallame ka ke nan?" Ya san abin, ba sai an yi masa bayani ba.

Washegari muka isa kan iyakar ƙasa. Igiya ce aka ja a kan hanya, da rumfa, da mutum uku cikin kaki. Ɗaya ya karɓi katina mai Faransanci ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce, "Baba, kai Bahaushe ne ko Bafaranshe?" Sahabi ba shi da ko guntuwar takarda, amma ya faɗi sunan ƙauyensu da na hakiminsu, suka ce ya wuce. Sai suka zo kan buhun.

"Shinkafar waje ba ta shiga."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sallamar mara lafiya ce."

"Baba, doka ba ta san mara lafiya ba."

Kuma da gaskiyarsu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, duk Zongo ba wanda ya kai Alhaji sanin abin da ke wuce iyakar nan da abin da ba ya wucewa. Ba don ta isa gida ya ba shi shinkafa ba, don a ga ana ɗora ta a mota ne. Babbansu ya hango Sahabi zaune a ƙasa yana neman numfashi, ya ce a ɗebar masa a leda. Buhun da muka yi kwana uku muna dako ya tsaya can.

Daga nan sai kogi. Aka loda mu a kwalekwale mai inji, da babura biyu, da awaki, da mata masu ƙwarya. Ni da na tashi a bakin teku ban taɓa hawa ruwa ba. Na ƙanƙame gefen jirgin ina salati. Sahabi ya ce, "Ka ga ɗan bakin teku!" Ya sa hannu a ruwa ya wanke fuska. Tun da muka baro Kwatano sai nan na ga fuskarsa ta saki.

Da azahar babur ya sauke mu a ƙauyensu. Matarsa da 'ya'yansa suka fito, aka yi kuka, aka yi godiya ga Allah da Alhaji. Gaisuwarsu daban ce. Mu a Zongo muna gaisawa muna tafiya, kowa na sauri. Can sai an durƙusa an tambaye ka gajiya, da ruwa, da mutanen da ka baro, da waɗanda ba ka da su ma. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, irin wadda ban taɓa sha ba, da tuwon dawa miyar kuka. In na ce kamiyo ko magaze sai su dubi juna. Wani tsoho ya ce, "Baƙo, Hausarka ta sha ruwan gishiri."

Washegari da hantsi wan Sahabi, Nomau, ya ɗauki tabarma ya ce mu kai Sahabi inda zai sha iska. A bakin gari akwai wata tsamiya. Ƙarƙashinta mutum huɗu ne a kan tabarmi, a lokacin da duk mai lafiya yana gona. Suka yi wa Sahabi maraba kamar sun daɗe suna jiransa, har suka matsa suka buɗe masa wuri. Ɗaya ya yi aikin injin katako a Ikko, hannunsa na dama saura yatsa biyu. Ɗaya ya yi dako a tashar jirgin ruwa, bayansa ba ya miƙewa. Biyu tari suke yi irin na Sahabi, ɗaya daga siminti, ɗaya daga hatsi kamar mu. Mutanen gari suna kiran wurin tsamiyar 'yan kudu. Abin da ya kashe ni, kowannensu yabon maigidansa yake yi. An sallami wannan da rediyo, an sallami wancan da keke. Wanda bayansa ba ya miƙewa shi aka ba keken.

"Kai mi aka ba ka?" in ji mai yatsa biyu.

Sahabi ya ce shinkafa da atamfa.

"Kai, maigidanka ɗan albarka ne."

Mai tarin hatsi ya nuna gurbin da aka shimfiɗa wa Sahabi, inda ƙasa ta yi santsi, ya ce, "Nan wurin Dantani ne. Bai ga girbin bara ba."

Muna nan sai ga wata mata ta taho daga gona da fartanya a kafaɗa. Hajo ce, babbar yayar su Nomau, wadda ta goyi Sahabi bayan uwarsu ta rasu. Ba ta gaishe da kowa ba, ta tsaya a gabana.

"Kai ne mai makulli?"

Na ce ni ne.

"Sahabi ya ce likita ya duba shi a hanya. Mi likitan ya ce? Kada ka rage komi."

Ban rage ba. Na faɗa mata na bom, da na ɗakin kwana, da na madara, da yadda ake cewa buɗe in buɗe, da abin da manjo ya ce, da abin da Alhaji ya amsa. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Nomau, naɗe tabarmar nan. Inda aka ɗauko shi can zai koma."

Nomau ya ce, "Yaya, ai abin kunya ne. Mutum ya riƙe shi shekara tara, ya sallame shi da mutunci, mu mai da masa? Mi za a ce da mu?"

"A ce. Lafiyayye muka ba shi. Ya sha rake ya aiko mana da tuƙa, mu kuma mu durƙusa mu gode? Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski."

Mai ciwon baya ya ce, "Hajo, ba a yin haka."

"Shi ya sa kuke nan."

Ta juyo kaina. "Kai da ka iya buɗe ƙofa, za ka iya mai da shi, ko sai maigidanka ya ce buɗe?"

A rayuwata ba a taɓa marina da magana irin wannan ba. Na durƙusa kusa da Sahabi na ce, "Kai me ka ce? Jikinka ne."

Ya daɗe yana tattaro numfashi. "Baba Ilu, likita ya ce in an kama yanzu zan tashi. Ko ba haka ya ce ba?"

"Haka ya ce."

"To ni ban gama ba. Ɗauke ni daga nan."

Matarsa ta fito da atamfar da ko warwarewa ba ta yi ba, Hajo ta kai ta gidan dillaliya, da ita aka yi masa kuɗin mota. Da za mu hau babur Hajo ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata har sau biyu.

Dawowar ba ta da dogon labari. A iyaka mai kakin nan ya gane mu, ya ce, "Ba wannan aka shigo da shi shekaranjiya ba? Baba, yawon buɗe ido kuke yi da shi?" Alhaji ya yi ta kira ranar Asabar, ban ɗauka ba, abin da ban taɓa yi ba. Wayar tana rawa a aljihuna, na ƙyale ta. A Faraku Iya Bake ta gan mu ba ta tambayi komai ba, ta ce dai, "Yanzu ka yi kama da mai furfura." Manjo ya ƙara wa Sahabi allura ya ce zai iya yini guda a mota, amma kada mu biya ko'ina.

Mun shigo Kwatano ranar Litinin bayan la'asar. Ban biya gida ba. Na tare zemijan biyu muka nufi magaze. Alhaji yana kan benci da abokansa huɗu, manyan Zongo, ana shan shayi. Na zaunar da Sahabi a bakin ƙofa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata.

"Ilu, mene ne wannan?"

"Sahabi ne, Alhaji."

"Na san Sahabi ne! Ba gida na ce ka kai shi ba?"

"Na kai shi. Yayarsa ta ba ni saƙo. Ta ce lafiyayye suka ba ka, lafiyayye suke so."

Na miƙa takardar manjo, bai karɓa ba. Ɗaya daga cikin abokan, wanda ya yi lekwal, wato makarantar boko, ya karɓa ya sa tabarau, yana karantawa yana juyawa da Hausa: maganin ƙwari, ƙurar hatsi, wurin kwana. 'Yan dako suka sauke buhu suka tsaya.

Na ce, "Alhaji, kai ke cewa buɗe, ni ke buɗewa. Mu biyu muka yi masa. Ni ba ni da abin kai shi asibiti, shi ya sa na kawo shi wurin wanda yake da shi."

"A gaban mutane, Ilu? Bayan duk abin da na yi maka? Wa ya yanka ragon sunan 'ya'yanka?"

"Kai ne, Allah ya saka. Ba maganata na kawo ba."

Alhaji ya buɗe baki zai ƙara, sai tari ya turnuƙe Sahabi, dogo, irin wanda ba a iya magana a kansa. Kowa ya jira. Da ya lafa, babba a cikin abokan ya ajiye kofinsa ya ce, "Alhaji, ai ga motarka nan a tsaye." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Alhaji ya dubi wannan ya dubi wancan, ba wanda ya ɗago masa ido. Ya kira direba. Muna sa Sahabi a mota ya ce, "Ilu, makullin nan ya zauna wurin Audu." Na ce na ji.

Yau kwanan Sahabi goma sha tara a asibiti. An ɗauki hoton, an yi kwanaki ana sa masa iskar kwalba a hanci, yanzu an cire. Likita ya ce dako ya ƙare masa har abada, amma zai rayu, zai iya zaman shago. A magaze ba abin da ya canja sai mai makulli. Ni kuwa ina zagaya 'yan hatsi ina neman aiki, kowa ya ce in dawo wani mako.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, wani ya miƙe a masallaci ya ce a yi wa Alhaji addu'a, bawan Allah da ya kwantar da ɗan dakonsa a asibiti daga aljihunsa, abin koyi ga masu hali. Alhaji ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. Aka ɗaga hannu. Na gefena ya zungure ni da gwiwar hannu, yana son ya ga ko zan ɗaga. A safiyar ranar na ga Sahabi ya taka daga gadonsa har bakin famfo, ya yi alwala da kansa, ya dawo bai tsaya hutawa ba. Saboda haka na ɗaga. Haƙorana a cije suke, amma na ce amin.